IYA RUWA FID DA KAI: KIMIYYAR IYO DA WASANNIN RUWA A TAFKIN TIGA

A watan Afrilu, lokacin da zafin bazara kan kai digiri 40 a ma'aunin santigireti a Kano da kewayenta, babu abin da ke jan hankalin yaro kamar ruwa mai yawa a kwance. Duk malamin da ya taɓa raka ɗalibai yawon buɗe ido zuwa Tiga ya san abin da kan faru da zarar mota ta tsaya. Kafin ya gama ƙirga kawuna, wasu sun riga sun tuɓe takalma sun nufi gaɓa. Idan ya hana su, ya ɓata musu ranar da suka daɗe suna jira. Idan kuwa ya ƙyale su, bai san abin da zai gaya wa iyaye ba in aka koma gida da gurbi a mota. Abin da aka saba yi shi ne a tsawata, a ce ruwan yana da iskoki, ko kuma yana cin mutum duk shekara. Irin wannan tsoratarwa ba ta daɗewa a zuciyar ɗan shekara 15, musamman idan yana hangen 'ya'yan masunta suna kurme suna dariya ba abin da ya same su. Abin da ya fi ta amfani shi ne ɗalibi ya san yadda ruwa ke ɗaukar jikin mutum, da yadda yake sakinsa, da kuma abin da ke zaune a cikinsa wanda ido ba ya gani.

Yadda Tafkin Ya Samu

Tiga ba tafki ne na asali ba. An gina madatsar ruwan ne a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a wani wuri mai nisan kimanin kilomita 70 kudu da birnin Kano. Bangon madatsar na ƙasa ne da duwatsu, tsawonsa ya kusa kilomita 6, tsayinsa kuwa ya kusa mita 48. Lokacin da aka gama aikin, ruwan da ya taru a bayansa ya shafe fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 178. Manufar ginin ita ce noman rani da ruwan sha, kuma daga nan ne ake sakin ruwan da ke bi ta Ruwan Kanya ya isa gonakin shinkafa da tumatir na Kadawa da Kura. Wasa da shaƙatawa sun biyo baya ne kawai.

Wannan tarihi yana da muhimmanci ga mai iyo. Tafkin da aka samar ta hanyar datse kogi ƙasa ce ta tudu da ruwa ya haɗiye, da kwazazzabanta da duwatsunta da kututturan itatuwanta. Saboda haka gindinsa ba ya gangarawa a hankali kamar na kududdufin bayan gari. Mutum yana iya tafiya ruwa iyakar gwiwa, taku biyu a gaba ya faɗa tsohon kwari mai zurfin gaba uku. Bugu da ƙari, gaɓar ba ta zama wuri guda: ruwa yana ja da baya da rani, ya dawo da damina, don haka inda aka yi wasa lafiya bara ba lalle ne ya zama wurin wasa bana ba.

Me Ya Sa Jiki Ke Tasowa?

Fiye da shekara 2,200 da suka wuce, wani masani Bagirke mai suna Arkimidis ya bayyana ƙa'idar da har yau ake koyarwa a darasin fiziya. Ƙa'idar ta ce duk abin da aka tsoma a ruwa, ruwan zai tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture daga wurinsa. Lita guda ta ruwan daɗi nauyinta kilo 1 ne. Ke nan abin da girmansa ya kai lita 10, idan ya nutse duka, ruwa zai ɗauke masa kilo 10. In nauyinsa bai kai haka ba sai ya taso, in ya zarce sai ya yi ƙasa.

Jikin ɗan Adam yana kan iyaka ne. Ƙashi da tsoka sun ɗan fi ruwa nauyi, kitse bai kai shi ba, huhu kuwa jaka ce ta iska. Saurayi mai nauyin kilo 60, idan ya cika huhunsa, girman jikinsa kan ɗara lita 60 da kaɗan, saboda haka sai ya taso da ƙyar. Da ya fitar da iskar, sai ya fara yin ƙasa. Wannan ne dalilin da ya sa mai jiki ya fi siriri mai tsoka sauƙin kwanciya a kan ruwa, ko da kuwa siririn ya fi shi ƙarfi. Shi ne kuma dalilin da ya sa ihu a cikin ruwa ke da haɗari, domin mai ihu yana zubar da iskar da ke riƙe da shi ne.

Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, kuma gaskiya ne ta fuskar da suke nufi. Amma ta fuskar lissafi, wanda ya matsa sai ya fid da kansa duka daga ruwa shi ne ya fi saurin gajiya. Kan babban mutum ya kai kimanin kilo 5. Muddin yana cikin ruwa, ruwan ne ke ɗauke da mafi yawan wannan nauyi. Da an ɗaga shi sama, sai nauyin ya koma kan sauran jiki, ƙafafu su yi ƙasa, mutum ya shiga fafutuka. Haka nan ɗaga hannuwa sama yake yi. Dabarar da ta fi kowace ceton rai ita ce mutum ya kwanta rigingine, ya bar kunnuwansa da ƙeyarsa cikin ruwa, hanci da baki kaɗai a waje, ya buɗe hannuwa da ƙafafu, ya yi numfashi a hankali. Wanda ya iya wannan zai iya hutawa a tsakiyar tafki har taimako ya zo.

Ruwan gishiri ya fi na daɗi ɗaukar jiki. Lita guda ta ruwan teku ta kai gram 1,025, ta Mataccen Teku da ke tsakanin Jodan da Isra'ila da Falasɗinu kuwa ta kai gram 1,240, shi ya sa mutum ke kwanciya a kansa kamar a kan katifa. Malami zai iya nuna wannan a aji da ɗanyen ƙwai da kofi biyu: a ruwan famfo ƙwan zai nutse, a ruwan da aka narka gishiri mai yawa kuwa zai taso. Darasin da ke ciki shi ne, wanda ya koyi iyo a bakin teku a Legas kada ya ɗauka Tiga za ta ɗauke shi da irin wannan sauƙi.

Masuntan Kabi sun daɗe da sanin ƙa'idar Arkimidis a aikace. Wanda ya kalli bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake adanawa a 2016, ya ga yadda masunci ke kwanciya a kan babban gora yana riƙe da homa. Goran da ya ɗauki lita 30 ta iska yana iya ɗaukar nauyin da ya kusa kilo 30 kafin ya nutse, alhali abin da mutum ke bukata don kansa ya tsaya a waje bai kai rabin haka ba. A wannan biki akwai wasannin da ake kira kabanci, waɗanda suka haɗa da tseren kwale-kwale da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu. Ashe wasannin ruwa ba baƙin abu ba ne a ƙasar Hausa. Abin da ya bambanta ɗan Argungu da ɗalibin da ya sauko daga mota a Tiga shi ne, na farko ya tashi a gaban manya da suka san kowane lungu na ruwansu, ga kuma Sarkin Ruwa da ke da ikon cewa a shiga ko kada a shiga.

Zafi Da Sanyin Ruwa

Ruwa mai ɗumi bai kai mai sanyi nauyi ba, don haka yakan zauna a sama. A tafki mai zurfi, da bazara, rana kan gasa saman ruwa ya yi ɗumi, na ƙasa kuwa ya ci gaba da zama da sanyinsa, su kasa garwayuwa. Mai iyo kan ji wannan da kansa idan ya miƙe tsaye a wuri mai zurfi: ƙirji cikin ɗumi, tafin ƙafa cikin sanyi. Da yawa daga labaran da ake bayarwa na cewa wani abu mai sanyi ya taɓa ƙafar mutum daga ƙasa, asalinsu ke nan. Sanyin kansa ba ya jan kowa, amma firgitar da yake haddasawa tana iya sa wanda bai ƙware ba ya shaƙi ruwa.

Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska har kusan sau 25. Zafin jikin mutum digiri 37 ne, kuma idan ya sauka ƙasa da 35 sai hannuwa su fara sanƙarewa, tunani ya rikice. Ba sai ruwan ƙanƙara ne ke yin haka ba. Da hunturu, yaro siriri da ya daɗe a cikin ruwa sa'an nan ya fito iska ta buge shi, yana iya kaiwa wannan hali. Karkarwa da shuɗancin leɓe alamu ne na cewa lokacin fita ya yi.

Zafi ma yana da nasa. Iyon kilomita 10 a buɗaɗɗen ruwa ya shiga wasannin Olamfik a 2008 a birnin Beijin. A watan Oktoba na 2010 wani gwanin iyo Ba'amurke, Fran Crippen, ya mutu yana cikin irin wannan tsere a Fujaira ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, a ruwa mai ɗumi ƙwarai. Bayan haka ne hukumar iyo ta duniya ta kafa doka cewa ba za a yi gasa ba idan zafin ruwa ya wuce digiri 31, kamar yadda ba a yi idan bai kai 16 ba. Jikin da ke aiki tuƙuru yana haifar da zafi, kuma idan ruwan da ke kewaye da shi ya kusa ɗumin fata, babu inda zafin zai tafi. Duk mai tunanin shirya gasar iyo a tafkunan Arewa da bazara ya kamata ya fara da tsoma ma'aunin zafi a ruwa.

Kurme Da Riƙe Numfashi

Gasar da yara suka fi so ita ce ta wa zai fi daɗewa a ƙasa. Akwai wata dabara da suke koya wa juna, watau mutum ya yi ta jan numfashi da sauri sau da yawa kafin ya nutsa. Dabarar tana aiki, kuma a nan haɗarinta yake. Abin da ke sa mutum jin dole ya yi numfashi shi ne taruwar iskar kabon-dayokzaid a cikin jini, ba ƙarewar iskar oksijin ba. Jan numfashi da sauri yana wanke kabon-dayokzaid daga jini, amma ba ya ƙara oksijin sai ɗan kaɗan. Sakamakon haka ƙararrawar da ke gargaɗin jiki takan makara, oksijin ya ƙare mutum bai ji komai ba, sai ya suma a ƙarƙashin ruwa. Gwanaye ne wannan ya fi kashewa, a ruwan da sau da yawa bai fi tsayinsu ba.

Sa'an nan kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara matsi daidai da na dukkan iskar da ke saman duniya. Tun daga mita 2 zuwa 3 mutum zai fara jin zafi a dodon kunne. Matsin kuma yana matse iskar huhu, girman jiki ya ragu, ƙarfin da ke tura mutum sama ya ragu tare da shi. A tafki irin Tiga akwai ƙarin abubuwa biyu: rassan itatuwan da ruwa ya binne, da kayan sana'ar masunta, watau kalli da mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, waɗanda ba a ganinsu a gurɓataccen ruwa. Alkafura ko tsalle da ka daga kan dutse zuwa ruwan da ba a ga gindinsa ba kuwa, hanya ce da ke yawan karya wuya. Kusa da bangon madatsa da bakin magudanar da ake sakin ruwa ba wurin iyo ba ne ko ga gwani, domin ruwan yana tafiya a ƙasa ko da samansa ya yi lif. Haka nan da an ji cida ko an ga walƙiya, sai a fita, saboda kan mai iyo shi ne abu mafi tsayi a shimfiɗar ruwa.

Nutsewa Ba Ta Da Hayaniya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kimanin 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma yara da matasa ne suka fi yawa a ciki. A wannan shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 25 ga Yuli don tunatarwa a kan wannan musiba.

A fim, mai nutsewa yana ihu yana ɗaga hannu. A zahiri ba haka abin yake ba. Wanda ruwa ya fara ci ba ya iya magana, domin ɗan lokacin da bakinsa ke fitowa bai ishe shi numfashi ba balle kira. Yakan tsaya a tsaye, kai a ɗage baya, hannuwa suna danna ruwa a gefe kamar mai hawa tsani, ba ya gaba ba ya baya. Wannan hali ba ya wuce daƙiƙa 20 zuwa 60 kafin ya ɓace. Sau da yawa abokansa suna kusa da shi, sun ɗauka wasa yake yi. Saboda haka malamin da ke gadi ya fi kyau ya sa ido a kan yaron da ya yi shiru fiye da masu surutu.

Kuskure na biyu shi ne na mai ceto. Mai nutsewa yana kama duk abin da ya taɓa da ƙarfin da ba shi da hankali a ciki, ya hau kansa. Shi ya sa ake yawan jin an rasa 'yan'uwa biyu ko uku a rana ɗaya. Wanda ba a horar da shi ba, ya miƙa sanda ko rawani ko zane yana kwance a gaɓa, ko ya jefa abin da ke tasowa. Jarkar lita 20 da ba kome a cikinta, a rufe da murfinta, tana ɗaukar kusan kilo 19, abin da ya ishi babban mutum har da rara. Idan aka ɗaura mata igiya mai tsawo, an sami kayan ceto da kuɗinsa bai kai na man motar zuwa Tiga ba.

Idan an fito da mutum ba ya numfashi, abin da aka saba yi na danna masa ciki ko riƙe shi kai ƙasa don ruwa ya zubo ɓata lokaci ne, kuma yana iya tura amai cikin huhu. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu oksijin. Abin da yake bukata iska ce. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa a hura masa iska a baki sau 5, sa'an nan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 da ƙarfi da sauri, a hura sau 2, a ci gaba da haka har ya farfaɗo ko ma'aikatan lafiya su karɓa. Ko ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya hana shi numfashi bayan wasu sa'o'i.

Kwale-kwale

Yawo a kwale-kwale shi ne wasan da baƙi suka fi yi a tafki, har waɗanda ba su da niyyar jiƙa ƙafa. Ƙa'idar Arkimidis ce dai ke aiki: kowane mutum da aka ƙara, jirgi sai ya ƙara nutsewa har ya ture ruwa daidai nauyinsa, tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa ta ragu. Idan tazarar ta koma 'yan yatsu, ƙaramar igiyar ruwa ta isa. Tsayuwa kuma tana ɗaga cibiyar nauyi sama, kuma idan fasinjoji suka firgita suka karkata gefe guda, sun gama kifar da shi da kansu. A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgi ya kife a tafkin Watari da ke Ɓagwai, ɗauke da mutanen da yawancinsu ɗaliban Islamiyya ne da suka taso daga ƙauyen Badau, aka rasa aƙalla mutum 29. Rahotannin lokacin sun danganta abin da lodin da ya wuce kima. Rigar ceto da aka ɗaura daidai tana riƙe da wanda bai iya iyo ba, amma wadda aka ajiye a ƙarƙashin benci ba ta da amfani, domin jirgi ba ya ba da sanarwa kafin ya kife. Idan kuma ya kife bai nutse ba, a riƙe shi, kada a nufi gaɓa da iyo; a kan ruwa nisa yana yaudarar ido.

Tuƙin jirgi wasa ne da ake cin lambobi da shi a duniya. A gasar Olamfik ta Landan a 2012, wani ɗan Nijar, Hamadou Djibo Issaka, ya shiga tseren tuƙi bayan horon watanni 3 kacal. Shi ya zo na ƙarshe, amma 'yan kallo suka yi ta yi masa tafi har ya kai layi. Tseren na mita 2,000 ne a kan ruwa mai kwanciya, kuma irin wannan fili Tiga da Challawa da Bakolori da Goronyo suna da shi har ya yi yawa.

Abokin Gaba Da Ba A Gani

Da a ce nutsewa ce kaɗai matsala, da sai a ce yara su tsaya a bakin gaɓa inda ruwa bai wuce gwiwa ba. To amma a daidai nan ne ɗaya haɗarin ya fi yawa, watau tsargiya.

Cutar tsohuwa ce. A 1910 an gano ƙwayayenta a ƙodar gawawwakin mutanen Masar da aka adana shekara kimanin 3,000 da suka wuce. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar a Alƙahira a 1851, sa'an nan a 1915 Robert Leiper ya tabbatar da yadda take bi ta jikin dodon koɗi kafin ta kama mutum. Ga yadda zagayen yake. Mai cutar ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa ko kusa da shi, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su nemi wani ƙaramin dodon koɗi na ruwan daɗi cikin 'yan sa'o'i. Nau'in da ake kira Bulinus shi ke ɗaukar tsargiyar mafitsara, Biomphalaria kuwa ta hanji. A cikinsa sukan hayayyafa har mako 4 zuwa 6, sa'an nan su fito dubbai, kowace da wutsiya mai baki biyu, tsawonta bai wuce rabin milimita ba. Ba sai an sha ruwan ba, ba kuma sai da rauni a jiki ba. Cikin 'yan mintoci sukan huda lafiyayyar fata su shiga jini, su bi ta huhu zuwa hanta, inda suke girma su kai santimita 1 zuwa 2. Daga nan namiji ya rungumi mace su koma jijiyoyin mafitsara ko na hanji, su zauna shekara 3 zuwa 5, wani lokaci fiye da haka nesa, macen tana zuba ƙwai kullum.

Ƙwayayen ne ke yin ɓarna. Waɗanda suka huda bangon mafitsara su ke kawo jinin da ake gani a ƙarshen fitsari. Waɗanda suka maƙale a nama kuwa su ke haddasa kumburi da tabo, wanda bayan shekaru kan kai ga lalacewar ƙoda, ko ciwon daji na mafitsara, ko kumburin hanta da saifa. Ga mata, cutar tana taɓa mahaifa da al'aura, har takan hana haihuwa. Ga ɗalibi kuwa, tun kafin a kai can, tana jawo ƙarancin jini da kasala da rashin fahimtar karatu. Abin takaici shi ne, a wasu ƙauyuka fitsarin jini ya yi yawa har ana ɗaukarsa alamar balaga ga yara maza. Ba alamar balaga ba ce. Alamar tsutsa ce.

Madatsun ruwa suna da hannu a yaɗuwarta, domin suna samar da abin da dodon koɗin ke so: ruwa mai kwanciya, marar zurfi, mai ciyayi irin su kachalla da bado, wanda ba ya ƙafewa da rani. Bayan an kammala madatsar Akosombo a Ghana a 1965, cutar ta mamaye ƙauyukan bakin tafkin Volta. Haka ta faru a yankin Richard-Toll na Senegal bayan madatsar Diama a 1986. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da miliyan 250 ne suka bukaci maganinta a 2021, kashi 90 cikin 100 a Afirka, kuma Nijeriya tana sahun gaba. Tafkuna da magudanan noman rani na Arewa suna cikin wuraren da aka san cutar da su. Ba ta kuma bambanta baƙo da ɗan gari. Shiga ɗaya ta isa. Ko a Turai, a 2013, masu wanka a kogin Kabu na tsibirin Kosika sun kamu da ita.

'Ya'yan tsutsar mafitsara sun fi fitowa daga dodon koɗi da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke kora yara cikin ruwa. Idan ba su sami mutum ba, ba sa wuce kwana 2 zuwa 3 a raye. Shi ya sa ruwan tafki da aka ɗebo aka ajiye kwana 3, ko aka ɗumama shi ya kai digiri 50 na minti 5, ko aka sa masa sinadarin kulorin, ya zama lafiyayye don wanka. Goge jiki da tawul bayan fitowa yana da kyau, amma ba abin dogaro ba ne, domin masu shiga sun riga sun shiga.

Abin Da Makaranta Za Ta Iya Yi

Hana yara ruwa gaba ɗaya bai taɓa yiwuwa ba, kuma wanda bai iya iyo ba shi ne farkon wanda ake rasawa ranar da jirgi ya kife ko ambaliya ta zo. Ƙasar Bangaladash, inda nutsewa ke kashe yara da yawa, ta gwada koya musu iyo a kududdufan ƙauye da aka kafa wa dandamalin gora mai shinge, kuma binciken da aka buga a 2012 ya nuna mutuwar ta ragu ƙwarai a cikin yaran da aka koyar. Abin da ake nema daga yaro a can ba gwaninta ba ce: ya iya tafiyar mita 25, ya iya tsayawa a kan ruwa daƙiƙa 30, ya san yadda ake ceto daga gaɓa. A inda tsargiya take, wurin koyo da ya fi dacewa shi ne kwamin iyo mai kulorin, in akwai shi.

Idan kuwa makaranta ta yanke shawarar barin ɗalibai su shiga tafki, to a fara da tambayar masuntan wurin, domin su suka san inda rami yake da inda aka kafa kalli. A zaɓi gaɓa mai yashi ko dutse da babu ciyawa, nesa da inda ake wanki da ɗiban ruwa, a shata iyaka da igiya da jarkoki, a haɗa ɗalibai bibbiyu kowa yana lura da ɗan'uwansa, a kuma sa babba ɗaya a tudu wanda ba shi da aikin kome sai kallo. Kada kowa ya yi fitsari a ruwa. Malami ya rubuta sunayen duk waɗanda suka shiga da kwanan wata.

Wannan rubutu yana da dalili. Maganin tsargiya, watau furazikwantel, wanda aka samar a Jamus cikin shekarun 1970, ana shansa ne sau ɗaya bayan an ci abinci, gwargwadon miligram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, kuma shi ne ake rabawa a makarantu ana auna tsayin yara da sanda. Sai dai yana kashe manyan tsutsotsi ne, ba ya kama ƙanana, ba ya kuma hana sake kamuwa. Shan sa washegarin dawowa daga tafki ba zai yi aiki ba. Ɗaliban da suka yi iyo a tsakiyar Afrilu, sai a watan Yuni, bayan mako 6 zuwa 8, ya kamata a kai su asibiti a ba su magani bisa shawarar likita, ko da babu wanda ya ga jini a fitsarinsa.